Haƙorin da Orval Ya Ajiye wa Gidan Madubi

Duk wanda ya yi karatun likitan haƙori a garinmu, in dai ya zauna a Gidan Madubi, to ya san cikin bakin Orval Kessler fiye da yadda ya san cikin aljihunsa. Orval ba likita ba ne, ko kusa. Kuku ne. Shi ke dafa wa 'yan ƙungiyar abinci, shi ke kwashe ƙanƙara daga bakin ƙofa, shi ke fama da tukunyar ɗumama gida duk ranar da ta tashi da gardama. Amma ka tambaye shi aikinsa, sai ya wangale maka baki yana nunawa da yatsa.

"Wannan na Fenske ne, zinare tsantsa. Wannan na Delores Whitcomb, mace ta farko da aka ɗauka. Na can ƙurya kuwa wani shashasha ne ya yi shi, hannunsa sai rawa, yanzu ga shi can Arizona ya zama babban mutum."

Asalin sunan ƙungiyar wasu haruffan Girkanci ne da aka manna a saman ƙofa, amma ba mai kiranta da su. Alamarta ɗan madubin nan mai mariƙi da likita ke zura wa mutum a baki, na zinare, ɗan mitsitsi, ana maƙala shi a ƙirji, kuma daga nan gari ya raɗa wa gidan suna. Waɗanda suka kafa ta, tun zamanin da ake taka injin rarake haƙori da ƙafa kamar keken ɗinki, wasu ɗalibai ne faƙirai da wahala ɗaya ta haɗa kansu. Hukumar da ke ba da lasisi ba ta yarda da karatu kawai ba. Ranar jarrabawar ƙarshe kai za ka zo da mutum mai rai, da rami a haƙorinsa, ka rarake ka cike a gaban alƙalai. Kuma ba kowane rami ba. In ya yi ƙanƙanta su ce ba aiki ba ne, in ya nutsa har jijiya su kayar da kai, su ce ba ka iya zaɓen mara lafiya ba. Sai wanda ya tsaya daidai tsakiya. Ɗalibai sun sha bin gidajen giya da tashar jirgin ƙasa suna leƙa bakin bayin Allah kamar masu sayen doki. Ƙungiyar ta ce abin kunyar ya isa haka, ɗan'uwa shi zai nemo wa ɗan'uwa baki. Suka yi rantsuwa a kai, kuma duk taƙamarsu ba ta wuce wannan ba: ba a taɓa kayar da ɗan Gidan Madubi saboda baki ba.

A bangon matattakalar gidan hotunan 'yan'uwa ne jere, tun daga masu murɗaɗɗen gashin baki har zuwa masu suma buzu-buzu. A cikinsu akwai mutum ɗaya da ba likita ba, Amos Lindgren, wanda ke zuba kwal a tukunyar gidan kafin babban yaƙi. Amos ya ba da bakinsa haƙori bayan haƙori, har aka wayi gari babu wanda hannun ɗan ƙungiya bai taɓa ba. Ranar da ɗalibin da ya cike na ƙarshen ya ci jarrabawa, aka kira shi ɗakin sama inda ake rufe ƙofa, aka maƙala masa madubi, aka kira shi ɗan'uwa. Daga nan abin ya zama al'ada. Duk ma'aikacin gidan da ya ba da bakinsa kaf, na ƙarshen kuma ya ci, ya shiga. Bayan Amos ba wanda ya sake kaiwa, domin ko dai mutum ya bar aikin, ko haƙoran su riga shi tafiya.

Orval ya zo gidan yana saurayi, bayan masana'antar taya ta sallame su. Wanda ya buɗe masa ƙofa wani ɗalibin ajin ƙarshe ne mai jan gashi da surutun tsiya, Gaylord Fenske.

"Buɗe baki."

"Aikin kuku na zo nema."

"Na sani. Buɗe dai." Fenske ya kama haɓarsa ya juya ta wajen haske, sai ya kwarma kira cikin gida. "Kai, ku fito ku ga arziki! Wannan ko ruwa bai iya dafawa ba mun ɗauke shi."

A gidan marayu Orval ya tashi, daga nan aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu, kuma duk gidan da ya zauna akwai hotuna a bango, babu nasa. Ba ya ɓoye wannan, ba ya kuma neman a tausaya masa. Da aka ba shi labarin Amos a makonsa na farko, sai ya ɗauko guduma ya kafa ƙusa a ɗan filin da ke gefen hoton tsohon. Ɗalibai suka yi dariya har da riƙe ciki. Suka mayar da ita wurin rataye hula, da safa mai wari, wata shekara har da kan kifi. Amma ba wanda ya taɓa cire ta, kuma duk sanda aka yi wa bangon fenti, bi ta kanta ake yi.

Kowace kaka, da an dawo hutu, manyan ɗalibai kan zaunar da shi a kujerar kicin su zagaye shi da tocila. "Wannan bai nuna ba, a bar shi sai baɗi." "Wannan ya kusa, Baba Orval ka riƙa tauna alewa ta gefen nan." Shi kuwa ya bi umarni kamar soja. Mutum ya rasa dariya zai yi ko kuka, gidan da ake koyon yaƙi da ruɓa a ciki ake renonta, da lissafi da tsari, kuma masu ilimi ke yi. Matarsa Dorene, wadda ke aiki a gidan wanki, ba ta taɓa raga masa ba.

"Maza na tara wa matansu abin duniya, kai kana tara wa 'ya'yan wasu ruɓa. Ranar da suka gama da kai ko gaisuwar Kirsimeti ba za ka gani ba."

"Suna aiko da kati."

"Sakatarorinsu ke aikowa, dolo."

Sai ta gyara masa wuyan riga, ta tura shi wurin jarrabawar. Ba su haihu ba. Ta rasu ba ta ga hoton ya hau bango ba, kuma ranar jana'izarta likita ɗaya ne ya zo, Fenske, wanda ya buɗe asibitinsa a garin bai tafi ko'ina ba.

Gidan ma a hankali yake mutuwa, ba tare da kowa ya kashe shi ba. Da, teburin cin abinci ba ya ɗaukar mutane, sai an ci an tashi wasu su zauna. Aka zo ɗalibai suka fi son kama ɗaki su kaɗai, ba mai damunsu da waƙar ƙungiya da wanke-wanke. Abin da ake shiga gidan a koya a bakin manya ya koma cikin waya. Tukunyar miyar wake da Orval ke cikawa maƙil ta koma rabi, daga nan ya jingine ta ya ɗauko ƙaramar. Aka rufe ɗakunan bene na uku saboda yoyo. Ɗaya daga cikin haruffan saman ƙofa ya faɗo, ya ajiye shi a kan firji yana jiran wanda zai ce a mayar.

A bakinsa kuwa saura haƙori ɗaya, wani matauni na ƙasa ta hagu, mai taurin kai kamar jaki. Shekara da shekaru ana haska shi, fari fat, ko ɗigo babu. Orval ya yi masa alewa, ya yi masa zuma, har ya daina kai buroshi wajen, haƙorin ya ƙi. Sai da mai shi ya tsufa, gwiwa ta fara ƙara, sannan wata 'yar inuwa ta bayyana a hoton da aka ɗauka. A lokacin mutum ɗaya tak ya rage a ƙungiyar, Marisol Arrieta, 'yar Texas, wadda ba ta ɓoye cewa kusancin gidan da makaranta ne ya sa ta shiga ba. Tsofaffin 'yan ƙungiya, Fenske a gaba, sun riga sun yanke cewa da ta gama za a sayar da gidan. Hukuma kuma ta sauya doka, yanzu kana iya yin jarrabawarka a kan haƙorin roba cikin kan mutum-mutumi, kuma kusan kowa can ya koma.

Wata safiya ya ajiye mata wainar fulawa da soyayyen ƙwai, ya tsaya a kanta yana murza tawul.

"Dakta ƙarama, da wane baki za ki shiga?"

"Na roba mana, Baba Orval. Ba ya makara, ba ya tari, ba ya jin tsoron allura."

"Ba ya kuma cewa na gode."

Ta ɗago ta dube shi. Ta san labarin ƙusar, kowa ya sani.

"Ke ce ta ƙarshe," ya ce. "In kika shiga da roba, shi ke nan, an rufe. Ni ban taɓa roƙon kowa komai a gidan nan ba."

Marisol mace ce mai tsantseni, ba ta son abin da ba ta da tabbas a kansa. Amma shekara uku tana cin girkinsa, shi ke ajiye mata abinci a tanda in ta daɗe a asibiti. Ta ɗaga hoton ta duba. Inuwar daidai take, kamar an auna.

"To, na ji. Amma in na ce a'a daga baya, a'a ce."

Da an yi jarrabawar a wannan bazarar, da labarin ya zama wani daban. Ana saura kaɗan aka bugo mata waya, mahaifinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta haɗa kaya ta ɗage jarrabawa zuwa baɗi. A bakin mota ta riƙe hannun Orval.

"Ka je asibitin makaranta gobe su cike shi. Rami ba ya jiran kowa."

"Wannan ya jira shekara nawa? Zai ƙara ɗaya."

"Baba Orval, ba wasa nake ba."

"Allah ya ba baba lafiya. Ki gaishe shi."

Bai je ba. Ya yanke zaƙi, ya koma goge haƙorin kamar mai goge azurfa, yana lallaɓa shi ya tsaya inda yake. Shi kaɗai a ƙaton gida, yana kunna tukunya saboda kada famfuna su daskare. Ranar da ƙanƙarar farko ta sauka ya fita da shebur, ya ja iska ta baki, sai ya ji kamar an soka masa tsinke tun daga muƙamuƙi har cikin kunne. Ya tsaya yana jiran abin ya wuce. Bai wuce da wuri ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa cikin masu haƙori ya san ma'anar wannan sarai. Zafin da ya zo ya tafi nan take ba komai ba ne, amma wanda ya zauna, jijiya ce ke magana. Ya naɗe baki da mayafi, ya koma shan kofi mai ɗumi-ɗumi, yana ɗiga man kanumfari, yana tauna ta dama. Bai gaya wa kowa ba, dama babu wanda zai gaya wa.

Marisol ta dawo ta rame, ta bar mahaifinta a keken guragu, da alkawarin aiki a wani asibiti kusa da gidansu in ta kawo lasisi a bazarar. Ta sake ɗaukar hoto. Inuwar ta ƙaru, amma ba ta kai inda ake tsoro ba, kuma hoto ba ya nuna komai da komai. Abin da ya rage gwaji ne wanda bakin mara lafiya kaɗai ke ba da amsarsa. Ta fesa wa 'yar auduga maganin sanyi ta ɗora a kan haƙorin. Orval ya ji duniya ta yi fari. Ya danna farcensa cikin fatar kujera ta ƙasa, inda ba za ta gani ba.

"Ka ji?"

"Ɗan kaɗan."

Ta ɗauke audugar. "Ya tafi?"

"Tuni."

"Dube ni. Ba ya tashin ka daga barci? Ba ya yi maka zugi haka kawai?"

"Ni da nake barci kamar gawa? Dakta ƙarama, bakin nan ya ga likitoci kafin a haife ki."

Ta yi dariya, ta yarda. Zugin bai sake shi ba sai da ya kai gida.

Ranar jarrabawa ya sa kwat ɗin da ya sa a jana'izar Dorene. Zauren cike da kujeru, kusan kowace da kan mutum-mutumi a ɗaure, baki a hangame, masu rai ba su taka kara sun karya ba. Alƙali ya duba hoton, ya leƙa, ya sa hannu. Aka yi allura, aka shimfiɗa robar da ke ware haƙori ɗaya daga sauran, inji ya fara kuka. Orval ya lumshe ido, kukan nan ya fi masa kowace waƙa daɗi. Yana jin hannunta, tsayayye, ya fi na Fenske nesa ba kusa ba. Sai injin ya tsaya. Ta ɗauki ɗan cokalin kankare ruɓa ta taɓa, abin ya burma kamar jiƙaƙƙen burodi. Ta sake taɓawa. A ƙasan ramin wani jan ɗigo ya fito, ya fara girma. Ruɓar ta kai jijiya.

Ya ga idonta a saman takunkumi. Ta ɗaga hannu ta kira alƙali, muryarta ba ta ko girgiza ba. Alƙaliyar da ta zo, wata dattijuwa mai tabarau, ta daɗe tana kallo, sannan ta sunkuyo.

"Malam, haƙorin nan yana maka ciwo kafin yau?"

Da roba a baki mutum ba ya magana. Hawaye ne suka gangaro masa ta gefe suka shiga kunne, alƙaliyar kuwa ba ta sake tambaya ba, ta juya ta yi rubutunta.

A wajen ajiye motoci Marisol ta tsaya ta ba shi baya, makulli a hannu.

"Tun yaushe?"

Leɓensa a kumbure da allura. "Tun ƙanƙarar farko."

"Na tambaye ka. Na kalli ƙwayar idonka na tambaye ka, Baba Orval." Ta juyo. "Da ka ce mini e, da na shiga da roba na fita lafiya. Yanzu sai kaka. Aikin nan ba zai jira ni ba. Wa zai riƙa ɗaga babana?"

Duk da haka sai da ta buɗe masa ƙofar mota, domin ba a barin wanda aka yi wa allura ya tafi shi kaɗai. Wani malami a makarantar ya ce ana iya kashe jijiyar a ceci haƙorin. Orval ya ce a cire, aka cire. Aikin Texas kuwa aka ba wani.

Ranar kwashe kaya Fenske ya zo da sanda, jan gashin nan ya koma ɗan fari a bayan kunne, surutun ne kawai bai tsufa ba. Hotunan za a kai su ɗakin ajiya na ƙarƙashin laburaren makaranta, masu sayen gidan kuma sun ce a bar musu bango fes, ba ƙusa ba rami. Orval ne ke saukewa, Marisol na naɗewa da jarida. Fushinta ya huce, ko dai gajiya ta danne shi. Da aka zo kan Amos, Fenske ya yi gyaran murya, ya ciro wani ɗan akwati daga aljihu.

"Zo nan, tsohon banza. Madubina ne, ni ba inda zan sa shi kuma. Mun yi magana da 'yar'uwa, ta yarda. Mu hau sama a rufe ƙofa, in gwiwata ta kai ni."

Orval ya dubi madubin. Ya fi yadda yake zato ƙanƙanta.

"Ba haka aka yi wa Amos ba."

"Kai, rabu da Amos! Amos ya zama ƙasa."

"Na ƙarshen sai ya ci. Nawa bai ci ba."

"To wa ya rage da zai ce ba a bi ƙa'ida ba? Mu biyu ne ƙungiyar, ni da ita, kuma mun ce e."

"Karɓi mana, Baba Orval," in ji Marisol. "Ni na yafe. Wallahi na yafe."

"Na gode, 'yata." Ya goge hannu a jikin wando. "Dakta, kai ka koya mini rantsuwar gidan nan, a kicin, kana cin wake. Ba a taɓa kayar da ɗan gida saboda baki ba. Tun daga masu gashin bakin can har zuwa bana. Bakina ne ya karya ta. In na sa wannan a ƙirji, kullum na duba ƙasa abin da zan gani ke nan."

Fenske ya zazzage shi da zagi, ya kira shi jaki, ya kira shi dutse, sannan ya koma ya zauna a kan matattakala yana share tabarau. Abin haushin shi ne, duk cikin likitocin da suka ɗaga hannu suka yi rantsuwar nan, ba wanda ya riƙe ta da gaske sai kukun da ba a taɓa bari ya shiga ɗakin ba. Akwatin ya koma aljihu.

Orval ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da filaya, suna fita salin-alin. Tasa ce ta ƙi. Fenti a kan fenti ya riƙe ta, sai da ya girgiza ta hagu da dama kamar yadda ya sha gani ana yi, sannan ta fito da guntun bango a jikinta, ta bar rami. Ya jefa ta cikin gwangwani tare da sauran. Ya kwaɓa farar ƙasa a murfin kwalba, ya share ramin, ya cusa da babban yatsa, ya danna, ya shafe gefen a hankali har ya saje.

Marisol ta zo wucewa da kwali a hannu. Sabo ya sa ta tsaya ta bi wurin da farce.

"Gefen ya yi sumul," ta ce a hankali. "Wannan da ya ci jarrabawa."

Orval bai juyo ba. Harshensa na cikin giɓin da ke ƙasa ta hagu. Ya jira ƙasar ta sha iska, ya ɗauko buroshi ya bi ta kai da fenti, ya ja da baya ya duba, shi kansa ya kasa gane inda ƙusar take.